Gurnanin Tayar Gefena

Duk layinmu an san ni da kunne. In cokali ya faɗi a gida na uku, zan gaya miki na shayi ne ko na miya. Mai Ɗinki, maƙwabciyata, takan ce da za a raba ni biyu, rabi kunne ne rabi baki. Ban taɓa musa mata ba. Ita ma ai ba don haske kaɗai ta ajiye kekenta a bakin taga ba.

Amma wannan labarin ba na gidan kowa ba ne, na gidana ne, kuma na riƙe shi a ciki har ya kusa kumbura ni.

Maigidana direba ne. Kowa Baba Direba yake ce masa, ni kuwa Tsoho. Yana da wata a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu wadda ta girmi autarmu. Aikinsa shi ne ya ɗauki buhunan abincin kaji daga gari ya haura da su gonakin bayan tudu, ya sauko da kiret-kiret na ƙwai. Hanyar kwalta ce har rabi, sauran duwatsu ne da laka da wani rafi da ake ratsawa. In ya zo ƙarshen kwalta sai ya sauka ya murɗa wasu makullai a cibiyar tayoyin gaba, ya koma ya ja ƙaramar giya, sai ki ga motar tana hawa kamar akuya a kan dutse. Abin tinƙahonsa a duniya shi ne ƙwai ba ya fashewa a motarsa. In kika ɗauke masa wannan aikin, kin ɗauke masa dalilin tashi da safe.

Babban ɗanmu, wanda ƙannensa ke kira Yaya, ya daɗe yana so uban ya ajiye tuƙi. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Duk zuwan da zai yi sai ya zagaya motar yana taɓa nan yana leƙa can, kamar mai neman laifin suruka.

Ran nan na bi Tsoho don in duba autarmu, wadda ke aure a can bayan tudu. Muna hawa kwalta, motar ta ɗan ɗauki gudu, sai na ji wani gurnani daga ƙasan ƙafata. Gurrr, gurrr, kamar injin markaɗe a gidan maƙwabta.

Na ce, “Tsoho, kana jin abin nan?”

Shiru. Na dangwale shi a cinya. Ya juyo gaba ɗaya ya ce, “Me?”

“Motarka tana kuka.”

“Na sani,” in ji shi. “Na daɗe da ji.”

Da na bar maganar a nan, da shi ke nan. Amma bakin da ya saba da motsi ba ya jin kwaɓa. Da Yaya ya zo gaishe mu, ina zuba masa shayi sai na ji kaina ina cewa motar ubansa ta koyi waƙa. Ya ajiye kofin.

“Baba, a kai ta wurin Ba-Gaggawa. In ya gyara, to. In an gyara ta ci gaba da kuka, wallahi a ajiye ta, ka ba ni makullin. Ba zan zauna ina jiran a kira ni daga ƙasan tudu ba.”

Tsoho ya harare ni. Na kama goge tiren da babu abin da ya zuba a kai.

Ba-Gaggawa bakanike ne a bayan kasuwa. Sunan ya samo shi ne don in kika kai masa mota, sai ya gama shan ruwansa, ya goge hannu, ya tambayi lafiyar iyali kafin ya ɗaga ido ya dube ta. Kuma yana da wata ƙa'ida da ba ya karyawa: ba ya taɓa sifana sai mai motar ya kwaikwayi kukan da bakinsa. Na sha ganin manyan mutane da tumbi tsaye a garejinsa suna “ciii-ciii” da “gwaf-gwaf” kamar masu wasa da jariri. Yakan ce mota ba ta yin ƙarya a kan hanya, sai ta zo gareji take yin lamo.

Tsoho ya tafi shi kaɗai, ya dawo da yamma yana taku ɗai-ɗai. Ya ce an canza kuros, wani ƙarfe mai kama da gicciye da ke cikin sandar da ke juya tayar gaba. Magana ta ƙare.

Da muka sake hawa hanya, ko shagon mai faci ba mu wuce ba gurnanin ya dawo. Ya ma ƙara kauri. Na juya zan yi magana, sai na ga Tsoho yana murmushi, yana shafa sitiyari.

“Kin ji ko?” in ji shi. “Tsit. Kamar yau aka fito da ita daga kamfani.”

Motar tana niƙa kamar za ta cinye kanta, mutumin nan yana cewa tsit.

Na ce bari in gwada. Ban taɓa shi ba, ban ɗaga murya ba, na ce, “Tsoho, rigarka mai ruwan toka, wadda kake ji da ita, na ƙona ta da dutsen guga.”

Ko gezau.

“Kuma na ba Mai Ɗinki rediyonka.”

Yana kallon hanya yana murmushi.

Sai na ce, “Tun muna yara na fi son ƙaninka.”

Ya rage gudu don wata akuya ta wuce.

A nan na gane. Kunnensa na gefena ya mutu murus. Ɗayan, na gefen taga, shi ne ke ɗan kamawa, shi ma sai an matso. Sai na tuna yadda ya koma zama a wancan gefen kujera a gida, yadda yake juyo da fuska gaba ɗaya in ana magana, yadda yake cewa “haka ne” a inda bai kamata ba. Ni ina cewa miskilancin tsufa ne. Wayyo ni! Duk labaran da na zuba masa a motar nan, na auren 'yar mai kanti, na rigimar masu haya, ashe cikin rijiya nake zubawa.

Da muka dawo gida na zaunar da shi, na zagaya ta kunnen mai rai.

“Wane kuka ka yi wa Ba-Gaggawa?”

Ya kawar da kai ya ce, “Ƙwas-ƙwas. In na sha kwana.”

“A ina ka ji ƙwas-ƙwas?”

“Wata mota da na taɓa tuƙawa tana yin haka.” Ya sunkuyar da kai. “Ya tsare ni da ido yana jira. Me zan ce masa? In ce matata ce ta ji?”

“Da ka faɗa, da ka mutu?”

“Ke ba ki gane ba. In yaron nan ya ji kunnena ya tafi, ko motar ta koma sabuwa sai ya karɓi makullin. In zauna a gida in yi me? In zauna ina kallon bakinki yana motsi?”

Na so in rama, amma na ga idonsa ya kaɗa. Ya kama hannuna, abin da ya daɗe bai yi ba.

“Don Allah, wannan kaɗai. Ki riƙe.”

Ni fa aka ba wa sirri. Kamar a ba kura ajiyar nama.

Washegari Mai Ɗinki ta shigo da ƙyalle a kafaɗa, wai ta zo aron almakashi, ita da ke da almakashi har na gado. Ta zauna ta ce, “Lafiya na ga kin yi wani iri? Ko akwai magana?” Maganar ta taso mini har maƙogwaro. Na kurɓi ruwa na mayar da ita. Na ce ciwon haƙori nake. Ta ce, “Haƙoran da suka rage miki har sun isa su yi ciwo?” Na bar ta ta ci wannan. Allah ya gani, ban taɓa shan wuya irin ta ranar ba.

Amma sirri ba ya gyara mota. Gurnanin yana nan, tudu yana nan, kuma Yaya zai ji. Sai na yi dabara: in koya wa Tsoho kukan, ya je ya yi wa Ba-Gaggawa. Muka zauna a tsakar gida bayan igiyar shanya. Na kafa baki a kunnensa na yi gurrr. Ya yi “burrr.”

“Ba tunkiya na ce ba. Daga ƙirji. Gurrr.”

“Garrr.”

“Kai, Tsoho! Wannan ai minsharinka ne.”

Muka yi ta yi har kajin gida suka koma gefe suna kallonmu. Daga bayan katanga na ji keken Mai Ɗinki ya tsaya cak. Na san ta kasa kunne, na kuma san ba za ta taɓa gane abin da tsofaffi biyu ke yi ba. Wannan kaɗai ya biya ni.

Na ce ba zai tafi shi kaɗai ba, ƙafata ƙafarsa. Muna shiga garejin sai ga Yaya zaune a kan benci. Ashe autarmu ta ji motar tana shigowa gonarsu da kuka, ta buga masa waya. Jini ba ya ɓuya, bakin nan gado ne.

Ba-Gaggawa ya gama shan ruwansa, ya goge hannu, ya tambayi lafiyar gwiwata. Sannan ya ce, “To, Baba, yi mini in ji.”

Tsoho ya gyara tsayuwa ya yi gurrr. Wallahi ya yi kyau, har na ji alfahari.

Ba-Gaggawa ya karkata kai. “Wancan karon ƙwas-ƙwas ka ce mini.”

“Ta canza murya.”

“To. Daga wane gefe?”

Ba mu yi bitar wannan ba. Tsoho ya dube ni.

“Gefena,” na ce.

“A kan kwalta take yi, ko sai an murɗa makullan gaba?”

Tsoho ya sake dubana.

“A kwalta ma ta fi yi,” na ce. “In gudu ya ƙaru, ta ƙara. In ya karya kan motar zuwa gefensa, sai ta yi kamar za ta haɗiye ni. In ya karya zuwa gefena, ta yi sauƙi.”

Ba-Gaggawa ya dubi Tsoho, ya dube ni, ya daɗe yana goge hannun da ya riga ya goge. Ya juya ga Yaya.

“In tana yi a kwalta, ba kuros ba ne, don sandar ba ta juyawa sai an kulle gaba. Kuma ni ma ina da nawa laifin. Wancan karon tayar gefen Baba kaɗai na ɗaga, na ga kuros ɗin ya ɗan ci, na ce shi ne. Da na ɗaga ɗayar, da ba mu sake haɗuwa ba.”

Ya tura jak ƙarƙashin gefena, ya ɗaga har tayar ta bar ƙasa, ya tokare motar da wakili na ƙarfe. Ya kama ta dama da hagu ya girgiza. Tayar ba ta motsa ba. Ya kama sama da ƙasa ya girgiza. Ƙwal, ƙwal. Tayar tana rawa kamar haƙorin da ya kusa fita.

“Ga wasan nan,” in ji shi. “Saura mu san mai yin sa. Ko boris ne, wato zoben ƙarafan da taya ke juyawa a kai, ko mahaɗin da ke riƙe da ƙafar. Yaya, karɓi makulli ka shiga ka taka mini birki. Ka danne, kada ka saki.”

Tsoho ya miƙa wa ɗansa makullin. Na ga yadda yatsunsa suka daɗe kafin su saki.

Yaya ya taka. Ba-Gaggawa ya sake girgizawa. Tayar ta tsaya ƙyam.

“Saki.” Ƙwal, ƙwal. “Taka.” Ƙyam.

“Boris ne. Birki ya riƙe tayar, wasan ya ɓace. Da mahaɗin ne, ko an taka sai ta yi rawa.”

Yaya ya fito ya tsaya kusa da mu, makullin a hannunsa. Ba-Gaggawa ya wulwula tayar da ƙarfi, ta kama juyawa a iska. Ga gurnanin nan, ƙasa-ƙasa, shaaa-gurrr, kamar ana jan tukunya a kan yashi. Na ji, Yaya ya ji.

Yaya ya ce, “Kai! Baba, ka ji ko? Da wannan kake hawa tudu?”

Yana tsaye ne ta gefen mataccen kunnen. Tsoho yana kallon tayar, bai ko motsa ba.

“Baba?”

Na buɗe baki zan rufe ramin da surutu, abin da na fi iyawa. Ba-Gaggawa ya riga ni. Ya kama hannun Tsoho ya ɗora a kan sifirin da ke bayan tayar, ya sake wulwulawa.

Na ga fuskar Tsoho ta canza. Ya lumshe ido, ya ƙara danna tafin hannunsa.

“Yashi,” in ji shi a hankali. “Kamar akwai yashi a ciki. Ga shi nan yana bi ta hannuna.” Ya buɗe ido ya dubi ɗansa. Ni ina ta ƙifta masa ido ya yi shiru, amma ina. “Yau na fara jin sa. Da hannu. Kunnen nan na gefen uwarka ya daɗe da tafiya. Ƙwas-ƙwas ɗin da na faɗa, ƙirƙira na yi.”

Tayar ta ƙarasa juyawa ta tsaya. Ni da na sha wuyar riƙe sirri har da ƙaryar haƙori, ga mai sirrin ya zubar da kayansa a tsakiyar kasuwa.

Yaya ya dubi ubansa. Ya sa makullin a aljihu.

Ba-Gaggawa ya ci gaba da aikinsa kamar ba a yi komai ba. Ya kwance tayar, ya buɗe cibiyar, ya zaro boris ɗin ya ɗora a kan tsumma. Giris ɗin da ya kamata ya yi santsi ya koma ja kamar laka. Ƙananan ƙarafan ciki duk sun yi ramuka.

“Robar da ke tare ruwa ce ta tsufa,” in ji shi. “Duk ratsa rafin da aka yi, ruwa na shiga. Ba laifin tuƙi ba ne. Amma ba zan ɓoye muku ba, da an ci gaba, wata rana tayar nan za ta yi zafi ta kama, ko ta yi gaba ta bar motar.”

Yaya ya zauna a kan benci ya riƙe kai. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

“Kun ji abin da nake tsoro. Baba, in mota ta yi kuka ba ka ji, in an yi maka hon ba ka ji. In ba ka makullin nan in ce me?”

Tsoho bai kare kansa ba. Ya tsaya da hannu baƙi ƙirin da giris, kafaɗunsa sun sauka. Ban taɓa ganin ya yi ƙanƙanta haka ba.

Na ce, “Kai, yaro, dube ni nan. Idon ubanka lafiya lau, yana hango akuya kafin ta yi niyyar tsallakawa. Hannunsa ka gani yanzu. Tambayi masu gona ko ya taɓa kai musu fasasshen ƙwai. Kunne ne babu. To, kunne kuma a gidanmu har ya yi yawa. Wa ya ji kukan nan tun farko? Wa ya faɗi gefen?”

“Inna, ke ba za ki iya bin tudu kullum ba.”

“Wa ya ce? Ni da nake zaune a gida labaran layi ɗaya sun ishe ni maimaitawa? Can akwai gonaki, kowace da matan ma'aikata, kowace mace da abin da ke cinta.”

Ba-Gaggawa ya yi dariya har ya saki noti. Ya ce, “Yaya, ni dai a sana'ata ban taɓa samun wanda ya kawo mini kuka daki-daki kamar Inna ba. Da duk direbobi da irinta suke yawo, da ban canza kuros a banza ba.”

Yaya ya daɗe yana juya makullin a cikin aljihu, ina jin ƙararsa. Sannan ya fito da shi. Tsoho ya ɗan ɗaga hannu. Yaya ya wuce shi, ya damƙa mini.

“A hannunki zai zauna. Motar ba ta fita sai da ke a ciki. Kuma kafin ta sake hawa tudu, ni da kaina zan kai Baba a duba kunnen nan.” Ya zagaya ta ɗaya gefen, ya matso kusa da uban, ya maimaita da ƙarfi. Sannan ya ƙara da cewa, “Da ka gaya mini tun farko, Baba.”

Tsoho ya ce, “Da ka karɓe.”

Yaya ya ce, “Da na karɓe.” Suka dubi juna, sai dukansu suka yi wata 'yar dariya.

Ba-Gaggawa ya sa sabon boris da sabuwar roba, ya cika da giris, ya ɗaure, ya girgiza sama da ƙasa. Ƙyam. Bai tsaya nan ba, ya ɗaga ɗaya tayar ma ya girgiza, yana cewa maciji ɗaya ba ya saransa sau biyu. Muka fita gwaji a kwalta, ni a gaba, shi da Yaya a baya. Tsoho ya karya dama, ya karya hagu. Ya dube ni. Na kasa kunne sosai, na bar shi ya ɗan jira don ya san darajata, sannan na ɗaga masa babban yatsa.

Likitan kunne ya ce na gefena ba zai dawo duka ba, amma ya sa masa wata 'yar na'ura kamar ƙwayar wake a bayan kunnen. Yanzu da safe ni ke fito da makulli daga jakata, in miƙa masa a bakin ƙofa, in ce, “Direba, a ja a hankali, akwai manya a ciki.” Matan bayan tudu sun saba da ni. Kafin a gama sauke buhuna na gama lodin nawa kayan, in muka dawo Mai Ɗinki tana bakin taga tana jira. Labarin kunnen ma na ba ta, da izinin mai shi, har da bitar gurnani. Ta ce ita ta ɗauka aljanu muke kora.

Ran da aka fara sa masa na'urar, muna cikin hawa kwalta ina ba shi labarin matar mai gadin gona, sai ya ce, “Dakata. Kwanaki a daidai nan na ga bakinki yana motsi, kina kallona kina dariya. Me kike cewa?”

Na ce, “Addu'a nake maka.”

Ya ce, “To, ina rigata mai ruwan toka? Na duba ban gani ba.”

Wannan kam da gaske na ƙona ta. Na ce masa ya yi shiru, kamar na ji wani ƙara daga baya.